Darasi na Tara: Motar Turbo Mai Rasa Ƙarfi Idan Inji Ya Yi Zafi

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. Bayyana yadda turbo yake ƙara wa inji ƙarfi.
2. Faɗin abubuwan da suke sauyawa a mota bayan inji ya ɗauki zafi.
3. Bambanta salo uku na rasa ƙarfi, da inda kowanne yake nuni.
4. Bin bincike daki-daki, da awo, kafin a sayi ko da ƙusa ɗaya.

Gabatarwa

Akwai ƙorafin da kanikawa suke yawan ji daga masu motocin turbo. Da safe mota tana tashi lafiya lau, tana ja kamar sabuwa, amma da an yi tafiyar minti goma sha biyar ko ashirin sai ta saki jiki. Ana taka totur, ba ta amsawa. Washegari da safe kuma kamar ba ita ba.

Yawancin mutane da sun ji haka sai su yanke hukunci cewa turbo ya mutu. A sayo wani da tsada, a ɗaura, a fita gwaji, cutar tana nan inda take. An bar jaki ana dukan taiki. Turbon da ya lalace da gaske ba ya jiran inji ya yi zafi kafin ya nuna, rauninsa ɗaya ne da sanyi da zafi. Idan mota ta ja da kyau tana sanyi, ta riga ta ba ka shaidar cewa turbon yana iya aiki. Abin nema shi ne abin da zafi ya sauya.

Irin waɗannan motoci suna da yawa a garejinmu: Golf, Passat, Sharan da Audi A4 masu injin 1.8T na fetur ko 1.9 TDI na gas, Peugeot mai injin HDi, Hilux mai injin D-4D, da Ford mai injin EcoBoost. Akasarinsu an ƙera su ne don ƙasashe masu sanyi, suka iso mana bayan sun ci tafiya mai nisa, suka tarar da ƙurar hunturu da zafin bazara, lokacin da ma'auni yake haura digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai.

Yadda turbo yake aiki

Inji yana samun ƙarfi ne daga ƙona mai da iska. A injin fetur, kowane giram ɗaya na mai yana bukatar kimanin giram 14.7 na iska kafin ya ƙone ƙurmus. Ƙara mai abu ne mai sauƙi, iskar ce take da wuyar samu. Aikin turbo shi ne irin na zuga-zugin maƙeri: ya tura iska da ƙarfi cikin wuta don ta ƙara ci.

Turbo fanka biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da yake fita daga inji yana juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda take zuƙo iska daga filta ta matse ta zuwa cikin inji. Sandar tana juyi fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, tana yawo a kan siririn baƙin mai, kuma hayaƙin da yake bi ta wajen yana iya kaiwa digiri 900 a injin fetur. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905, amma ba ta shiga ƙananan motoci na kasuwa ba sai 1962 a Amurka.

Iska idan aka matse ta zafi take yi, har ta wuce digiri 100 a bakin turbo. Iska mai zafi kuwa ba ta da kauri: duk ƙarin digiri 10 yana rage nauyinta da kusan kashi 3 cikin 100. Shi ya sa ake bi da ita ta cikin intakula, wato ƙaramin lagireto na iska da yake gaban mota, don ta huce kafin ta shiga inji.

Dole kuma a yi wa turbo linzami, in ba haka ba ya matsa iskar da za ta fasa inji. Yawancin motocin fetur suna da ƙofar rage hayaƙi, wadda wani ɗan gwangwani mai sanda yake buɗewa idan matsi ya kai iyaka. Motocin gas da yawa kuma suna da ƙananan fikafikai a kewayen fankar hayaƙi, masu buɗewa da tsukewa. Ƙwaƙwalwar mota ce take sarrafa su ta wani bawul na lantarki, wanda a motocin Volkswagen da Audi lambarsa N75.

Me zafi yake sauyawa?

Abu huɗu ne, kuma duk binciken a kansu ya rataya.

Na farko, ƙwaƙwalwa tana sauya lissafi. Da sanyi tana ba da mai da ɗan yawa bisa abin da aka rubuta mata, ba ta sauraron sensar iskar shaƙa da take kan salansa. Bayan minti ɗaya zuwa uku sai ta fara saurarenta, tana ƙara mai ko ragewa. Sensar da take ƙarya a nan take fara ɓarna.

Na biyu, kayan lantarki suna raunana. Koyil, famfon mai, sensar juyin inji da bawul na lantarki yawancinsu naɗin siririyar waya ne a ciki. Zafi yana ƙara wa wayar tagulla turjiya, yana kuma buɗe tsagar da take rufe da sanyi.

Na uku, roba tana laushi, ƙarfe yana miƙewa. Tiyon da yake da ƙarfi da safe yana iya buɗe baki ko ya lotse da rana.

Na huɗu, ƙwaƙwalwa tana kare inji. Idan ta ga ruwa ko iska sun yi zafi fiye da kima, ko matsin iska ya kauce wa abin da ta nema, da gangan take rage ƙarfi. A irin wannan hali motar ba ta gaza ba, hana ta aka yi, kuma aikinka ka gano dalilin hanin.

Mataki na ɗaya: tambayi mai mota

Kafin ka buɗe bonet, buɗe kunnenka. Ga misalin yadda hirar take kasancewa.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Yaya take yi?"

"Wallahi Malam, cikin gari ba ta da matsala. Amma da na hau babban titi, na zo wuce tirela, sai kawai ta yanke."

"Lokaci ɗaya take yankewa, ko a hankali take sanyi?"

"Lokaci ɗaya, kamar an riƙe ta ta baya."

"Idan ka tsaya ka kashe, ka sake tayarwa nan take fa?"

"Sai ta dawo garau, har sai na ƙara matsa mata."

"Tana fizga? Akwai hayaƙi? Wata fitila tana kamawa a gabanka?"

"Ba ta fizga. Baƙin hayaƙi kaɗan. Fitilar inji ta taɓa kamawa."

Da waɗannan amsoshi bakanike ya riga ya rage rabin aiki, domin motar da kashewa da tayarwa yake warkar da ita nan take, ƙwaƙwalwa ce ta hana ta. Ƙarfen da ya yi zafi ba ya hucewa cikin daƙiƙa biyar. Ka kuma tambayi aikin da aka yi wa motar na ƙarshe, inda aka sha mai, da ko matsalar ta fi tsanani da rana, ko da kaya, ko idan tanki ya yi ƙasa.

Mataki na biyu: duba da ido da hannu

Wannan ana yin sa ne inji yana sanyi. Duba ruwan lagireto da baƙin mai. Ciro filtar iska ka ɗaga ta a rana. Idan haske ba ya ratsa ta, ta gama aiki, busa ta da iska ba zai dawo da ita ba. Leƙa tsakanin intakula da lagireto, inda ƙura, ƙaiƙayi da leda suke taruwa su toshe hanyar iska.

Daga nan bi tiyon iska tun daga bakin turbo har zuwa inji, taƙi bayan taƙi. Kada ka tsaya a abin da ido yake gani daga sama, domin tsaga ta fi son ƙasan tiyo da wajen lanƙwasa. Zura hannu ka shafa, ka matsa robar da yatsa. Alamar da ba ta ƙarya ita ce danshin baƙin mai da ƙura ta manne a kai a wuri ɗaya, sauran tiyon a bushe. Iskar turbo tana ɗauke da ɗan tururin mai, duk inda ta sami kafar fita sai ta bar tabo. Duba ƙananan tiyo masu kaurin fensir da suke zuwa bawul ɗin lantarki da gwangwanin turbo, su ne suke bushewa su tsage a baki.

Ka kuma tabbatar ko an cire tamostat, ko an haɗa fanka kai tsaye. Wannan al'ada ta yi yawa a wajenmu, kuma illa ce ga motar zamani. An tsara inji ya yi aiki a wajen digiri 85 zuwa 100. Idan bai kai ba, ƙwaƙwalwa tana ci gaba da zuba mai da yawa, fulogi ya yi baƙi, toka ta taru a turbo da salansa.

Mataki na uku: sa mata kwamfuta

Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996, da na Turai masu fetur tun 2001 da masu gas tun 2004, suna da soket mai ƙafa 16, yawanci a ƙasan sitiyari. Ƙaramar na'urar gwaji da take haɗuwa da wayar hannu ta isa yawancin wannan aiki. Rubuta lambobin da ka samu a takarda kafin ka goge komai. Ga waɗanda aka fi gani:

P0299: matsin turbo bai kai yadda ake so ba.
P0234: matsin turbo ya wuce iyaka.
P0300 zuwa P0304: silinda tana fashin wuta, lambar ƙarshe ce take nuna wace ce, sifili kuma yana nufin ba ɗaya ba ce.
P0171: iska ta fi mai yawa.
P0087: matsin mai ya yi ƙasa.
P0101: awon sensar iska bai dace ba.
P0115 zuwa P0118: sensar zafin ruwa ko wayarta.
P2463: matatar toka ta injin gas ta cika.

Lamba unguwa take nuna maka, ba ta nuna gida. P0299 bai ce a sayi turbo ba. Tsagaggen tiyo, ƙofar da ba ta rufuwa da toshewar salansa duk suna kawo shi.

Akwai gwaji mai sauƙi da ake yi da safe, motar ta kwana ba a tayar ba. Kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, ka karanta zafin ruwa da zafin iska. Dole su yi kusa da juna, su kuma yi kusa da zafin garin. Idan gari yana digiri 25, sensar ruwa tana cewa 60 ko 5, ka kama maƙaryaciya. Irin sensar da aka fi sawa a motocin Turai tana ba da kimanin om 2,500 a digiri 20, ta sauka zuwa wajen 300 a digiri 80. Sensar matsin iska ita ma ta nuna matsin sararin wurin: kusan miliba 1,000 a bakin teku, wajen 955 a Kano, ƙasa da 900 a Jos saboda tudu.

Mataki na huɗu: fita da ita har cutar ta tashi

Cutar zafi ba a kama ta a inuwar gareji. Mutum biyu ake bukata, ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana kallon na'ura. A sami miƙaƙƙen titi marar cunkoso ko hawa mai tsawo, a sa giya ta uku ko ta huɗu, a taka totur daga juyi 1,500 zuwa wajen 3,500. A yi sau ɗaya da wuri, a maimaita bayan cutar ta bayyana, a kwatanta. Abubuwan kallo su ne matsin da ƙwaƙwalwa ta nema da wanda aka samu, zafin ruwa, zafin iskar shiga, matsin mai, gyaran mai (wato ƙari ko ragin man da ƙwaƙwalwa take yi), da lokacin tartsatsi a injin fetur. Abin da ka gani zai faɗa cikin ɗayan salo uku.

Salo na farko: yankewa lokaci ɗaya

Wannan shi ne na Alhajin da muka ji. Ƙwaƙwalwa ta ga abin da ba ta yarda da shi ba, ta sa mota a yanayin kare kai. Takan saki turbo, wani lokaci ta hana juyi wuce 2,500 ko 3,000.

A injin gas mai fikafikai, babban dalili shi ne toka. Motar da kullum cikin gari take, a silo da ƙaramin gudu, toka tana daskarewa a zoben da yake motsa fikafikan. Idan aka nemi ƙarfi sai su maƙale a tsuke, matsi ya haura abin da aka nema, ƙwaƙwalwa ta yanke. Gwajinsa: inji a kashe, ka zare siririn tiyon gwangwanin turbo, ka sa famfon zuƙo iska na hannu. Sandar ta tafi sumul, kimanin santimita ɗaya, har ta taɓa madakatarta, ta kuma koma da kanta idan ka saki. Idan tana tafiya tana cijewa, a sauke turbon a wanke zoben. Idan gwangwanin ba ya riƙe zuƙar, robar cikinsa ta fashe. Idan duk biyun lafiya, koma kan bawul ɗin lantarki da tiyonsa.

A injin gas na zamani kamar D-4D da HDi, matsin mai ma yana jawo yankewa. Fara da filtar gas, musamman idan ana shan mai a wajen 'yan bumburutu. A Hilux akwai bawul ɗin da yake jikin babban famfo yana auna man da yake shiga; idan ya fara cijewa, matsin da aka samu yakan yi ta hawa da sauka, ba ya bin wanda aka nema, kuma abin ya fi fitowa da zafi.

Salo na biyu: sanyin jiki a hankali

A nan ba yankewa, ƙarfin ne yake zarewa kaɗan-kaɗan, kuma kashewa da tayarwa ba ya magani sai motar ta huta. Wurare huɗu ake dubawa.

Zafin iska. Idan mota tana gudu, iskar da ta fito daga intakula bai kamata ta yi nisa sosai da zafin gari ba. Idan ka ga tana 70 ko 80 kuma ba ta sauka, intakula ta toshe ta waje, ko fanka ba ta aiki, ko an cire robobin da suke karkato iska zuwa gare ta. A injin fetur iska mai zafi tana sa wani sashe na mai ya kama da kansa ba bisa tsari ba. Akwai sensar da take jin wannan ƙara a jikin inji, da ta ji sai ƙwaƙwalwa ta jinkirta tartsatsi, ƙarfi ya ragu. Fetur marar inganci yana ƙara tsananta abin. Buɗe murfin tanki ka duba, motocin turbo da yawa daga Turai an rubuta musu lamba 95, wato ingancin fetur ɗin da suke bukata.

Famfon mai. Yana cikin tanki, kuma man ne yake sanyaya shi. Direban da kullum yake tafiya da fitilar mai a kunne yana gasa famfonsa ne. Famfon da ya tsufa yana ba da matsi daidai a silo, ya gaza idan ya yi zafi aka nemi mai da yawa. Sa agogon awo: a injin fetur irin 1.8T ana sa ran bar 3 zuwa 4, kuma ya ƙaru idan turbo ya fara turi. Idan allura tana sauka lokacin da ake taka totur, duba filta, sannan wutar da take isa famfon, sannan famfon kansa.

Toshewar salansa. Turbo yana juyawa ne idan hayaƙi yana da hanyar wucewa. Idan matatar da kanikawa suke kira indomi ta narke ko ta farfashe, ko matatar toka ta injin gas ta cika, hayaƙi yana taruwa, turbo ya kasa juyi, inji ya shaƙe. Alamarsa ita ce mota ta tashi da kyau amma ta ƙi wuce wani gudu, kuma abin yana ƙaruwa da tsawon tafiya. Ana cire sensar da take gaban matatar a ɗaura agogo a gurbinta. A juyi 2,500 ba tare da kaya ba, matsin bai kamata ya wuce kimanin bar 0.2 ba. Idan ta toshe, nemi abin da ya kashe ta, yawanci fashin wuta ne ko yawan mai. Fasa ta a zubar ba gyara ba ne, hayaƙi mai guba kawai aka sakar wa jama'a.

Yoyon iska da sensar iska. A nan gyaran mai ne jagora. Tsakanin kashi 10 sama da kashi 10 ƙasa ana ɗaukarsa lafiya. Idan ya yi sama sosai a silo, ya sauka idan aka ba da wuta, iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya. Idan yana hawa ne da kaya, ko mai bai isa ba ko sensar iska ta yi datti tana rage awo. Idan kuma ya yi ƙasa lokacin da turbo yake turi, ga baƙin hayaƙi da ƙarar huci, iskar da aka riga aka auna ce take tserewa. A toshe bakin tiyo a hura iska kamar bar 0.5 zuwa 1, a yayyafa ruwan sabulu, kumfa zai nuna wurin. Duba kuma tiyon da yake tsakanin filta da turbo, wani idan ya yi laushi turbo yana zuƙe shi ya manne.

Salo na uku: fizga da tari idan an matsa

Wannan na injin fetur ne, kuma kusan kullum wuta ce. Yawan matsin iska a silinda yana sa tartsatsi ya yi wuyar tsallake bakin fulogi. Koyil mai rauni yana iyawa a silo da sanyi, ya kasa da zafi a kan hawa. Injin 1.8T ya yi suna da wannan. Idan na'ura ta ba da P0302, musanya koyil na biyu da na uku, goge lamba, sake fita. Idan ta koma P0303, koyil ne. Idan ta tsaya a P0302, duba fulogi, sannan nozul, sannan matsin silindar. Bakin fulogin motar turbo ya fi na sauran tsukewa, yawanci milimita 0.7 zuwa 0.8, kuma dole a sa irin wanda kamfani ya ce. Idan fitilar inji tana ƙiftawa, a daina matsa wa motar, domin ɗanyen mai yana zuba cikin salansa yana ƙona matatar.

Motar da take mutuwa gaba ɗaya da zafi, ta ƙi tashi sai ta huce, a fara da sensar juyin inji.

Yaushe ne laifin turbo?

Sai an gama da na sama. Inji a kashe kuma a sanyaye, cire tiyon shiga, kama kan sandar da yatsa biyu. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne, muddin fanka ba ta gogar bango. Motsi gaba da baya da hannu yake ji, fikafikan fanka da suka gutsure, kuka irin na jiniya, shuɗin hayaƙi da shan baƙin mai, waɗannan su ne shaidar turbo ya tafi. Ko a nan ma sai an gano abin da ya kashe shi, ƙarancin mai ne, ko toshewar bututun mai, ko ƙura ta wuce filta. In ba haka ba sabon ma bin sahu zai yi.

Kada a manta, wani lokaci injin ba shi da laifi. Birkin da yake kamawa idan ya yi zafi, kulocin da yake sulɓewa, da giyar otomatik da manta ya ƙone, duk direba yana kiran su rashin ƙarfi. Idan juyin inji yana hawa amma gudu ba ya ƙaruwa, duba kuloci ko giya. Idan wili ɗaya ya fi sauran zafi bayan tafiya, duba birki.

Misali na aiki

A ce an kawo Passat mai injin 1.9 TDI, direban ya ce a Hawan Kibo, kan hanyar Akwanga zuwa Jos, take yanke masa. Na'ura ta nuna lambar matsi ya wuce iyaka. A gwajin titi ƙwaƙwalwa ta nemi miliba 1,950, aka samu 2,300 na 'yan daƙiƙu, sai ya faɗo zuwa kusan 1,000 ya tsaya a nan. Turbon da ya ba da 2,300 ba matacce ba ne, linzaminsa ne ya cije. An gwada gwangwani yana riƙe zuƙa, amma sanda tana maƙalewa a tsakiya. Gyaran shi ne wanke zoben fikafikai, da shawartar direba ya riƙa hawa babban titi lokaci-lokaci.

Kiyaye kai da kiyaye mota

Kada a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Kada a taɓa turbo ko salansa sai sun huce. Kada a kwance bututun gas na injin zamani yana aiki, matsinsa yana haura bar 1,500, yana huda fata. Kada a bar inji yana aiki a rufaffen ɗaki.

A gaya wa mai mota ya sa baƙin man da kamfani ya ce, ya canza a kan kari, ya bar inji a silo minti ɗaya ko biyu bayan doguwar tafiya kafin ya kashe. Al'adar taka totur sannan a murɗe makulli tana barin turbo yana juyi bayan mai ya daina isa gare shi.

Tambayoyi

1. Me ya sa jan mota da kyau tana sanyi yake rage zargin turbo?
2. Kawo abubuwa huɗu da suke sauyawa bayan inji ya yi zafi.
3. Mota ta yanke, an kashe an tayar ta dawo daidai. Me wannan yake nunawa?
4. Yaya ake gane sensar zafin ruwa mai ƙarya ba tare da an cire ta ba?
5. An sami P0301. Bayyana gwajin da za ka yi kafin ka sayi koyil.
6. Kawo dalilai uku, ban da lalacewar turbo, da suke kawo P0299.

Aikin gareji

Ku kasu biyu-biyu. Kowane rukuni ya sami motar turbo mai lafiya, da izinin mai ita da kulawar malami. Ku rubuta zafin ruwa, zafin iska da matsin iska kafin a tayar da inji, ku sake rubutawa a silo bayan minti goma sha biyar, sannan a kan titi. Ku adana takardar a littafinku tare da sunan motar da lambar injinta, ku zo da ita darasi na gaba. Wanda bai san awon lafiyayyar mota ba, ba zai gane na marar lafiya ba.